Ranar da Aka Buga Igwa

Mutanen Ƙofar Taramniya ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya game da Na'Allah mai bin sawu ba. Mahauta sun ce ya taɓa bin saniyar sata daga bakin gulbi har wani ƙauye can gabas, ya nuna fatarta shanye a kan danga. Matan unguwa sun ce ba ya amsa gaisuwa sai ya gama duban ƙafar mai gaishe shi. Liman yakan ce mutumin kirki ne, illa dai in ka zauna da shi sai ka ji ka faɗi abin da ba ka yi niyyar faɗa ba, alhali bai tambaye ka komai ba. Abin da kowa ya yarda da shi kawai shi ne ya tsufa, idanunsa sun fara dushewa, kuma tun da matarsa ta rasu ya daina son a kira shi.

Duk da haka mai unguwa ya aika masa. Lokacin shekaru kaɗan ne da Turawa suka ci Sakkwato, suka kafa barikinsu a bayan gari.

Abin da ya faru shi ne, wata tsohuwa mai suna Delu za ta tafi ta'aziyya Wurno, sai ta kai wa maƙwabciyarta Inna Iyatu ajiyar mundayenta na azurfa a cikin jakar jan fata. Duk unguwar nan wurin Inna Iyatu ake kai ajiya, kuma ko allura ba ta taɓa ɓacewa a hannunta ba. Da Delu ta dawo aka buɗe adudun da ake ajiya a ciki, babu jaka. Kafin la'asar unguwa ta gama shari'a. Tukur mai ruwa ne ɓarawon. Shi kaɗai ne namijin waje da ke shiga ɗakin tsohuwar, domin a gidan ya tashi yana bawa, ya fanshi kansa bayan zuwan Turawa, ya sayi jaki yana sayar da ruwa. Mamman, ɗan Inna Iyatu kuma maigidan, ya mare shi a bainar jama'a. Yanzu Tukur yana tsare a zauren mai unguwa, ranar Alhamis za a kai shi gaban alkali. Kowa ya san fursunoni ke fasa dutsen hanyar bariki, kowa kuma ya san bayan Tukur ba zai kai damina yana wannan aiki ba.

Na'Allah ya tsaya a ƙofar gidan Mamman ya dubi ƙasa. Sawun takalmi a kan sawun ƙafa, na akuya a kan na mutum.

"Kun kira ni bin sawu," ya ce, "bayan kun gama taka shi."

"Ba sawu muke nema ba, Baba," in ji Mamman. "Ɓarawo na hannu. Ka sa shi hwaɗi inda yak kai kayan, shi ke nan."

"Wa yag ga ya ɗauka?"

"Unguwa dut ta gani."

Na'Allah ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka ƙara wa kaya. "To. Sai in bi unguwar ɗaya ɗaya."

*

Lantana mai fura tana zaune a inuwar katanga, daidai ƙofar gidan. Ta dama wa Na'Allah ba tare da ya nema ba, ya sha rabi kafin ta fara magana da kanta.

"Ranar da anka buga igwa bariki na, Baba. Ranar da babban Baturen nan yaz zo. Ban mance ba, don ƙwaryata ta kusa kihewa. Can sai ga Tukur ya hito da jakar nan ja a hammata, yana sauri yana waige."

"Ja?"

"Ja wur."

"Da wace hammata?"

Ta ɗaga hannun hagu, ta sauke, ta ɗaga na dama. Ta yi dariya. "Kai Baba, hammata ai hammata ta."

Bai yi dariya ba, bai kuma ƙara tambaya ba. Ya ci gaba da juya ludayi a cikin furar. Shirun ya yi tsawo har ya dame ta.

"Gaskiya dai," ta ce, "a ranar ban ce jaka ta ba. Wani abu dai nig gani a naɗe. Sai da Delu tad dawo anka yi ta magana, Lawwali wanzami yac ce ja na, sannan nit tuna."

"Sannan kit tuna," ya ce, ya ajiye ƙwaryar ya yi godiya.

Lawwali wanzami yana aski a rumfarsa, ya juya wa hanya baya saboda haske ya sauka a kan kan da yake askewa. Kullum haka yake zama da hantsi.

"Na gane shi sarai," in ji Lawwali. "Jaka ja a hammata, yana sauri yana waige."

Kalmomin Lantana ne, ko ɗaya bai sauya ba. Na'Allah ya zauna a kan turmin da masu jira ke zama, ya dubi bangon da wanzamin ke fuskanta.

"Allah ya yi maka baiwa, Lawwali. Kai kaɗai nis sani da ido a ƙeya."

Wanda ake yi wa askin ya fashe da dariya har aska ta kusa yankarsa. Lawwali ya tsuke fuska.

"To ko ban juya ba, ai Lantana ta gani, ita tah hwaɗa min. Kuma wa bai san halin irinsu ba? Tun da sunka samu kansu sai girman kai. In kana neman wani kuma, duba Garba ƙanen Mamman. Ina yas samu takalman nan na sojoji?"

Na'Allah ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Shaidu biyu ya zo nema, ya tarar kowanne a bakin ɗan'uwansa ya gani.

*

Garba yana kula da dawakai a bariki, abin da ya sa rabin unguwa ba ta cin abinci da shi. Na'Allah ya tare shi a hanya da azahar, ya dubi takalman kafin ya dubi fuskar. Tsofaffi ne da aka goge da mai, dugadugansu sun cinye ta waje, cin ƙafar da ba ta Garba ba.

"Wani saje yab ba ni, sun matse shi," in ji Garba. "Na san abin da suke hwaɗi. Ranar igwa ina riƙe da linzami tun sahe har azahar, dawakin sun kusa karya min hannu. Jibi da hantsi ma haka za ni sha, in Baturen zai koma za a sake bugawa."

"Inna fa? Yaya take yi da ƙarar?"

Garba ya kau da kai. "Inna ba ta son ƙara. Ko tsawa anka yi sai ta wuni ba ta magana. Yaya Mamman ya ce kada wanda yat tada zancen."

*

An ɗaure Tukur da igiya a ƙafa ɗaya, ba don ana tsoron ya gudu ba, sai don a ce an ɗaure. Mutum ne siriri, kafaɗarsa ɗaya ta sauka saboda ɗaukar salkar ruwa. Na'Allah ya zauna kusa da shi ya jingina da bango.

"Wa ke ba jakina ruwa?" Tukur ya tambaya daga bisani.

"Zan duba shi."

"Ranar nan da anka buga abin, tsinkewa yay yi da gudu. Kahin in kamo shi salka ɗaya ta yage. Ita nin naɗe a hammata. Na makara, gidaje na jira na, ba dole in yi sauri ba?"

"Ka hwaɗa musu haka?"

"Na hwaɗa. Wanda yar riga ya san amsa ba ya jin taka."

"Da kas shiga ɗakin Inna, mi kag gani?"

Tukur ya dubi igiyar ƙafarsa. "Na zuba ruwa na hito."

Na'Allah ya jira. A waje wani ya wuce yana tallar gishiri, muryarsa ta yi nisa har ta ɓace.

"Randar ba ta zauna gurbinta ba," in ji Tukur a hankali. "Ta karkace. Da na zuba haka nan da ta kihe. Sai nig gyara ta, nic cika ta."

"Inna tana ina?"

"Ita tag goye ni sadda uwata tar rasu, Baba. Ni da Mamman zane ɗaya munka kwana ciki. Ba ni da abin hwaɗi a kanta."

Daga nan ya rufe baki, Na'Allah kuma bai matsa ba. Ya san bambancin shirun mai ɓoye laifinsa da shirun mai rufe wani.

*

Inna Iyatu ta karɓe shi a bakin ɗakinta, tsohuwa mai tsabta, tana taɗin auduga da mazari. Hankalinta garau. Ta san sunan mahaifiyarsa, ta tuna shekarar da matarsa ta kawo mata ajiyar zannuwa. Maganar jakar ce kaɗai ke sa muryarta rawa.

"A adudu nis sa ta da hannuna. Ban taɓa ta ba. Wallahi ban taɓa ta ba."

"Ranar da anka buga igwa, kina ina, Inna?"

Ta dube shi da mamaki na gaskiya. "An buga igwa?"

Ya nemi ruwan sha, ta nuna masa randar da ke lungun ɗaki. Ruwan ya kusa ƙarewa, domin tun da aka kama Tukur ba a cika ta sosai ba. Ya durƙusa kamar mai neman moɗa, ya shafa daɓen da tafin hannu, tun da idon ba ya ba shi abin da yake so. Ko'ina daɓen yana da santsi da tauri. A gindin randar kuwa ƙasa ta yi laushi, tana bin yatsa.

Ya sha ruwan ya fita, ya shiga gidan Delu.

Delu ta fi damuwa da ƙawarta fiye da mundayenta. Ya bar ta ta yi ta magana a kan Wurno da tsadar gero, har ta gangaro da kanta zuwa ranar da aka yi yaƙi a filin Giginya.

"Muna tsakar gida ni da ita munka ji igwa ta hwarko. Babban ɗanta Abdullahi ya hita da asuba da takobin ubanshi. Kowa na gudu, ita kuwa tac ce ba ta tahiya da kayan mutane a sarari. Ta ture randa, ta tona da hannu har hwarcenta yac cire, ta binne ajiyar unguwa dut. Da munka dawo kowa ya samu nashi." Delu ta share ido da bakin mayafi. "Abdullahi kaɗai na bai dawo ba."

*

Da la'asar Na'Allah ya sami mai unguwa shi kaɗai a ƙofar gida, ya gaya masa abin da yake zato.

"To mu tahi mu tona mana," in ji mai unguwa.

"In munka tona munka samu, mi Mamman zai ce? Wa ke taɓa randar nan kullum?"

Mai unguwa ya gyaɗa kai. "Tukur."

"Sai mu zama mun ƙara mashi igiya da hannunmu."

"Amma tsohuwar ta rantse. Ƙarya take yi?"

"Ba ƙarya take yi ba. Lantana ma ba ƙarya take yi ba." Na'Allah ya murza idanunsa. "Ranka shi daɗe, na yi shekaru ina bin sawun dabba, na mutum ya hi wuya. Abin da ido yag gani daban, abin da kunne yaj ji daban, abin da zuciya ta riga ta zata daban, amma in sun kwana wuri ɗaya mai su ba ya iya rabewa. Muna ɗauka tunawa rumbu ta, ka zuba gero ka tarar da gero. Tukunya ta a bakin hanya, kowa yaz zo wucewa sai ya jefa nashi. Lantana ta ga abu a naɗe, unguwa ta rina mata shi ja."

"Ita Inna fa?"

"Nata akasin haka na. Na taɓa sanin doki da gobara tat taɓa ci a barga. Bayan shekaru, ko hayaƙin girki yas shaƙa sai ya tsinke igiya. Bai san dalili ba, jikinshi yas sani. Tsoro in ya yi yawa, kai yakan yar da shi, hannu ya riƙe."

"Mi kake so a yi?"

"A jinkirta alkali. Jibi da hantsi a tara min su a gidan Mamman." Ya daɗe yana duban ƙasa. "Ba na son abin da za ni yi. Ban dai ga wata hanya ba."

*

A ranar, da hantsi, matan Mamman suka shige ɗakunansu, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, daura da ƙofar Inna Iyatu. Mai unguwa ya zauna, ga Mamman, ga Lantana da Lawwali, ga Delu. Aka shigo da Tukur ya tsuguna can gefe kusa da turke. Garba yana bariki.

Na'Allah ya ciro wata munduwar tagulla daga aljihu, ta matarsa ce, ya miƙa wa tsohuwar.

"Inna, ajiye min wagga har in dawo daga Hubbare."

Fuskarta ta yi haske. Tun da abin ya faru ba wanda ya kawo mata ajiya. Ta karɓa da hannu biyu ta sa a adudu, ta dawo ta ɗauki mazarinta.

"Wanga wane irin wasa na?" in ji Mamman. "Na bar rumfata a kasuwa."

Na'Allah ya juya ga Lantana ya sa ta maimaita abin da ta gani. Wannan karon jakar har da tuntaye a bakinta. Delu ta ɗago kai.

"Jakata ba ta da tuntu, Lantana."

Na'Allah ya tambayi Lawwali ta ina ya gani, Lawwali ya ce shi dai abin da kowa ya sani ya faɗa. Rana ta ɗaga. Mamman ya fara tattara rigarsa zai tashi.

Sai igwa ta tashi daga bariki. Ƙasa ta amsa, kaji suka watse, ƙura ta zubo daga azarar ɗaki.

Mazarin ya faɗi daga hannun Inna Iyatu. Ta miƙe tsaye, irin miƙewar da ba a ga ta yi ba cikin shekaru. Idanunta a buɗe suke, amma ba ta ganin kowa a tsakar gidan.

"Sun shigo," ta ce. "Delu, kwashe yara. Sun shigo."

Mamman ya yunƙura. Na'Allah ya riƙe masa hannu, riƙon da ba a zaci tsoho yana da shi ba.

Ta shiga ɗaki, suna ganinta ta ƙofa. Ta buɗe adudu ta ɗauki munduwar, ta sa kafaɗa ta ture randar gefe, ta durƙusa tana tona da yatsu. Igwa ta sake tashi. Ta ƙara sauri, tana magana ƙasa ƙasa. "Kayan mutane na. Abdullahi, jira ni, kayan mutane na." Ƙasar ta buɗe ba wuya. Bakin jakar jan fata ya bayyana a ramin, ita ko dubansa ba ta yi ba. Ta ɗora munduwar a kai ta fara mayar da ƙasa, ta jawo randar, ta bar ta a karkace.

Ba wanda ya motsa sai Tukur. Ya tashi da igiyarsa yana ja, ya shiga ɗakin ya tsuguna a gabanta, ya ɗebi sauran ruwan randar a moɗa ya kama hannuwanta yana wankewa, yatsa bayan yatsa. Ganin yadda yake yi, kowa ya gane ba yau ya fara ba.

"Sun tahi, Inna," yake cewa. "Sun tahi. Kowa na gida."

A hankali numfashinta ya sauka. Ta dubi mutanen da ke ƙofarta ɗaya bayan ɗaya.

"Lahiya kunka taru? Mamman, ba ka tahi kasuwa ba? Tukur, ina kas shiga kwana biyu, randata ta bushe."

Delu ta shiga ta zauna kusa da ita, ta saki labulen ƙofar.

*

A zaure aka kwance igiyar. Lantana ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen zanenta.

"Wallahi har yanzu in na rufe ido ja nike gani," ta ce.

"Na sani," in ji Na'Allah. "Je ki, furarki na rana."

Lawwali ya riga ya sulale. Mai unguwa ya ce zai aika wa alkali cewa kaya sun fito, ba sata ba ce, kuma abin da aka gani a cikin gida ya tsaya a cikin gida. Na'Allah ya zauna a dakali. Bai ji daɗin komai ba. Muryar tsohuwar tana kiran ɗanta ba ta bar kunnensa ba, ya kuma san shi ya zaɓi ranar.

Mamman ya shiga ciki ya fito da riga saƙi sabuwa a naɗe, da goro a kai. Bai dubi Tukur ba. Ya ajiye a gaban mai unguwa.

"A ba shi. Ya ci gaba da kawo ruwa kamar da."

Tukur bai taɓa rigar ba. Yana murza inda igiya ta ci masa ƙafa.

"Ina da riga," ya ce.

"To mi kake so?" Mamman ya tambayi bango.

Mutanen da suka ga marin sun fara taruwa a ƙofar zaure, mahauta da masu jiran aski da masu wucewa. Mamman ya dubi Na'Allah kamar zai cece shi. Na'Allah ya dube shi kawai, irin halin nan nasa da liman yake faɗa, ya jira.

"Ka san halin da take ciki," Mamman ya ce da ƙyar, wannan karon ga Tukur. "Tun yaushe?"

"Tun daminar da munka dawo. In anka yi tsawa da rana nikan aje salka in zo. Da ba ta tona ƙasa, zama kawai take yi tana kiran shi. Igwar nan ta tada sauran."

"Ba ka hwaɗa min ba."

"Kai kac ce kada wanda yat tada zancen."

Mamman ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya cire hularsa, ya tako har gaban mutumin da ya taɓa zama bawan ubansa, ya durƙusa a kan ƙasar zauren. Ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji.

"Tukur, a gaban mutane nim mare ka, a gabansu za ni hwaɗi. Kai kar riƙe uwata sadda ni nik kau da kai. Na zalunce ka, ɗan'uwana. Don Allah ka yahe min."